Ra'ayi: A Binciki Laifin Rariyar Hayaƙi Kafin A Fasa Ta

Kwanakin baya na raka wani abokina, ɗan kasuwa mai safarar albasa da busasshen barkono daga Arewa zuwa kasuwar Mile 12 da ke Ikko, wajen bakanikensa. Abin da ya kai mu shi ne wata a-kori-kura mai shan man gas, 'yar Tokumbo, wadda bai fi wata bakwai da sayenta ba, da ita kuma yake rarraba kaya ga 'yan sari da masu gidajen abinci a cikin gari. Wata fitila ce ruwan ɗorawa ta kama a gaban direba, aka yi ko oho da ita har mako biyu, sannan wata rana da hantsi motar ta ƙi gudu, ko an take totur har ƙasa ba ta wuce saurin keke. Bakaniken ya leƙa ƙarƙashinta, ya ƙwanƙwasa wata tukunyar ƙarfe da ke jikin salansa, ya ce ai wannan ciwon Turawa ne, maganinsa a yanke tukunyar a farfashe abin da ke ciki, a mayar da ita a yi walda, kafin la'asar an gama. Abokina ya tambayi kuɗin aiki, ya ji bai taka kara ya karya ba, ya ce a yi.

Ban hana shi ba, don kuwa motarsa ce, kuɗinsa ne. To amma tun daga ranar abin yake ci mini tuwo a ƙwarya, musamman da na lura cewa hukuncin da aka yanke wa wannan tukunya shi ake yanke wa 'yan'uwanta a garejin Ikko da Badun da Anacha da Fatakwal, ba tare da an tsaya an binciki laifinta ba. A ganina, mai motar da ya amince a fasa ta ya sayi sauƙin yini ɗaya ne da asarar da zai daɗe yana biya, kuma akasarin abin da ke toshe ta a ƙasar nan ɗabi'unmu ne na tuƙi da gyara, waɗanda sauya su ba ya cin wani kuɗi na a zo a gani.

Abin da ke cikin tukunyar rariya ce ta tace hayaƙi, wadda masu ƙera motoci ke taƙaita sunanta da DPF. An yi ta ne da wani irin tangaran mai jure zafi, aka tsara ta kamar saƙar zuma, da dubban 'yan hanyoyi a jere. Kowace hanya an toshe mata baki ɗaya: wannan a buɗe take ta gaba, a toshe ta baya, maƙwabciyarta kuma akasin haka. Saboda haka hayaƙin da ya shiga ba shi da mafita sai ya ratsa ta jikin bangon tangaran ɗin, iska ta wuce, kunkunniya ta maƙale. Rariya mai lafiya tana kama fiye da kashi 90 cikin 100 na baƙin da injin gas ke fitarwa. Kada mai karatu ya rikita ta da abin nan da makanikai ke kira indomi a salansar motocin fetur. Sun yi kama a ido, kuma galibi dukkansu ana shafa musu ƙarafa masu daraja irin su filatinam, dalilin da ya sa 'yan gwangwan ke rububinsu ke nan. Ya kamata duk wanda aka ba shi shawarar fasawa ya tambaya ina ɓaraguzan za su, kuma aljihun wa kuɗinsu zai shiga.

Duk rariyar da ke kama datti dole wata rana ta cika. Wannan kuwa ba a ciro ta a kakkaɓe kamar filtar iska. Ƙona dattin ake yi a cikinta, motar kuma ita ke yin aikin da kanta. Idan tana kan babbar hanya da kaya a bayanta, zafin hayaƙin kaɗai ya isa ya riƙa cin kunkunniyar sannu a hankali, direba bai ma sani ba. Idan kuwa hakan bai samu ba, akwai na'urar da ke auna matsin hayaƙi a gaban rariyar da bayanta. Da zarar kwamfutar motar ta ga an kusa cika, sai ta ƙara fesa ɗan man gas bayan wanda inji ya ƙona, man ya kama a cikin salansa, zafi ya hau kimanin digiri 600 a ma'aunin Selshiyas, kunkunniya ta cinye. Wannan ƙuna takan ɗauki kamar minti 10 zuwa 20, takan kuma maimaitu bayan tafiyar 'yan ɗaruruwan kilomita. Sharaɗinta shi ne inji ya yi zafi sosai, kuma kada a kashe motar ana tsakiyar aiki.

Ba don ƙawa aka ɗora wa motoci wannan kaya ba. Kamfanin Peugeot na Faransa ya sa shi a motar shiga ta yau da kullum a shekarar 2000, a samfurinsa na 607. Daga 2007 dokokin hayaƙi na Amurka suka tilasta wa manyan a-kori-kura masu shan gas ɗaukar rariyar, a Turai kuma ƙa'idar da ake kira Euro 5 ta yi haka daga 2009. Ma'anar wannan ga ɗan kasuwarmu ita ce, kusan duk motar gas da aka ƙera wa Turai ko Amurka cikin shekaru goma sha biyar da suka wuce, wadda ta sauka a tashar Apapa ko Tin Can, da rariyarta ta zo. Masu Hilux ɗin fetur, waɗanda suke da yawa a nan, wannan magana ba ta shafe su ba.

Adalci ne a faɗi cewa ba kullum ne laifin yake wuyan mai mota ba. A watan Afrilu na 2022 Kotun Tarayya ta ƙasar Ostareliya ta yanke hukuncin cewa motocin Toyota samfurin Hilux da Fortuner da Prado masu shan gas fiye da 260,000, waɗanda aka sayar a can tsakanin Oktoban 2015 da Afrilun 2020, tsarin rariyarsu yana da naƙasu tun daga masana'anta. Rariyar ba ta ƙonewa yadda ya kamata, motocin suna fitar da farin hayaƙi mai wari, suna kuma shan mai fiye da ƙima. An ɗaukaka ƙara a kan yawan diyya, amma batun naƙasun ya tabbata. Abin lura a nan shi ne maganin da aka bi a can: an sabunta umurnin da ke cikin kwamfutar motocin, an sauya kayan da suka gaza, an kuma sa maɓallin da direba zai danna ya tayar da ƙuna da kansa. Babu wanda ya ɗauko guduma.

Mu dawo gida. Motar abokina ba ta taɓa ganin babbar hanya ba tun da ya saye ta. Aikinta daga Mile 12 zuwa Ketu, zuwa Ojota, zuwa Agege, cikin cunkoson da kowa ya sani, a tsaya a sauke buhu biyu a kashe, a tayar a yi gaba. Sau tari kuma direba yakan bar ta tana aiki a tsaye awa guda don ya sha sanyin iya kwandishan. Injin gas da ke aiki a tsaye hayaƙinsa ba zafi, kunkunniya kawai yake tarawa. Duk lokacin da kwamfuta ta fara ƙuna sai a kashe mota, gobe ta sake farawa a sake kashewa, har rariya ta cika ta batse. A nan ne kwamfutar ke rage wa inji ƙarfi da gangan don kada ya yi wa kansa lahani, mu kuma mu ce mota ta lalace.

Akwai kuma abubuwan da muke yi da hannunmu. Na farko kuma mafi yaɗuwa shi ne cire tamostat, wato ɗan bawul ɗin nan da ke daidaita zafin ruwan inji. Da wuya 'yar Tokumbo ta shekara a hannun wasu makanikanmu ba a zare mata shi ba, bisa hujjar cewa wai don ƙasashen sanyi aka yi shi. Motar da aka cire wa shi injinta yakan daɗe bai kai zafin da aka tsara masa ba, kwamfuta kuwa ba za ta ba da izinin ƙuna ba sai ta ga wannan zafi. Ka ga an ɗaure rariya ke nan, sannan a zo ana zarginta da ƙin tafiya. Haka nan ɗabi'ar ba direba kuɗin lita biyar ko goma kowace safiya: motoci da yawa ba sa fara ƙuna idan fitilar ƙarancin mai tana kunne. Na san tun da farashin gas ya ninka fiye da sau biyu a cikin 2022 masu motoci ke ƙididdige wa direbobi mai kamar zinariya, kuma na san dalilinsu, amma tankin da kullum yake ƙasa yana da nasa harajin.

Sai batun man juye. Rariya tana ƙona kunkunniya, amma ba ta ƙona toka, tokar kuwa galibi daga sinadaran da ke cikin man juye take fitowa. Don haka aka yi wa irin waɗannan motoci mai na musamman mai ƙarancin toka, wanda za a ga an rubuta wa galan ɗinsa lambobi irin su ACEA C2 ko C3, ko kuma API CJ-4 ko CK-4, gwargwadon abin da littafin motar ya ce. Wanda ya juye wa a-kori-kurarsa man da ake awo daga duro, irin wanda ake zuba wa tsofaffin tirela da janareta, yana cika rariyarsa da abin da wuta ba ta ci. Ga kuma nozul da ya gaji yana zubar da mai, da bawul ɗin EGR mai mayar da wani kason hayaƙi cikin inji idan ya maƙale, da turbo mai yoyon mai, da filtar iskar da ƙurar hunturu ta liƙe. Kowannensu yana sa inji ya yi baƙin da ya fi ƙarfin rariya. Toshewarta a irin wannan hali ƙara ce take kai wa mai mota a kan wani ciwo da ke can gaba da ita.

Hujja mafi ƙarfi da masu fasawa ke da ita ita ce man gas ɗinmu, kuma ba zan raina ta ba. Sinadarin farar wuta, wato sulfa, da ke cikin man gas yana dakushe ƙarafan nan masu daraja da ke taimaka wa ƙuna. A Turai tun 2009 ba a yarda ya wuce kashi 10 cikin miliyan ba, a Amurka kuma kashi 15 tun 2006. Mu kuwa shekara da shekaru ƙa'idarmu ta yarda da har kashi 3,000 cikin miliyan. A watan Satumba na 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoton da ya tona yadda 'yan kasuwar mai na Turai ke haɗa mai mai datti musamman don Afirka ta Yamma. A Disambar shekarar Nijeriya da Benin da Togo da Gana da Kwaddibuwa suka amince a Abuja za su koma kashi 50, ƙungiyar ECOWAS kuma ta tsayar da wannan ma'auni ga yankin baki ɗaya a Fabrairun 2020. Aiwatarwa ta yi tafiyar hawainiya a wajenmu, alhali ƙasashen Afirka ta Gabas irin su Kenya da Tanzaniya sun riga sun koma kashi 50 tun 2015. Daga 2024 matatar Ɗangote da ke Lekki ta fara fitar da man gas, kuma masu bin labarai za su tuna da cacar bakin da aka yi a Yulin shekarar tsakaninta da hukumar NMDPRA mai sa ido kan harkar mai, a kan wane man ne ya fi sulfa, na gida ko na waje. Ko ba komai, rigimar ta sa maganar sulfa ta shiga bakin jama'a. Abin da nake cewa shi ne, uzurin da ya yi ƙarfi a 2015 ya rage ƙarfi a yau, muddin mutum zai tsaya ga babban gidan mai guda da ya yarda da shi, ya riƙe rasit, ya kuma hana direbansa sayen na jarka a bakin hanya, musamman a yankin Neja Delta inda ake dafa ɗanyen mai a daji.

To yaya za a sa ido? A ƙarƙashin sitiyarin kowace irin wannan mota akwai wata kafa da ake kira OBD, inda ake jona na'urar binciken kwamfuta. Akwai ƙanana masu araha da ke magana da wayar hannu, kuɗin da yawa daga cikinsu bai kai na cika tanki ɗaya ba, sai dai a tabbatar wadda za a saya ta san harshen samfurin motar. Da ita mutum zai ga yawan kunkunniyar da ta taru, da bambancin matsin gaba da baya, da zafin hayaƙi, da kilomita nawa aka yi tun ƙuna ta ƙarshe. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi amfani ga ɗan kasuwa. A sami littafi, kamar dai na bashi, a riƙa rubuta shi kowane mako. Idan motar da ta saba ƙuna bayan kilomita 400 ta koma yi bayan 150, wani abu ya taɓu a inji, kuma lokacin nemansa ke nan tun fitila ba ta kama ba. Kamfanin da ke da a-kori-kura goma ko ashirin, irin na 'yan kwangila da masu kula da turakun sadarwa, ba shi da uzurin rashin wannan littafi.

Direba ma sai an koya masa alamun ƙuna, don shi ne a kan kujera. Ƙarar inji takan ɗan ɗaga ko mota tana tsaye, fankar lagireto ta yi ta gudu, a ji wani ƙauri daga ƙasa. In ya ga haka ya ƙara 'yan mintoci kafin ya kashe, kada kuma ya tsaya a kan busasshiyar ciyawa ko kusa da jarkokin fetur, domin salansar a lokacin wuta ce. Idan fitilar rariya ta kama, littattafan motoci da yawa sun ce a yi tafiya da gudun da ya kai kilomita 60 a awa ko fiye, na minti 20 zuwa 30. Ga mutumin Ikko, hanyar Badun ta wadatar idan ta sake. Zuwa Shagamu da dawowa sau ɗaya a mako ya isa. Sannan a riƙa zaro gejin man juye kowace safiya. Mun saba tsoron mai ya ragu, amma a wannan mota ƙaruwarsa ce abin tsoro, domin ƙunar da ake yawan katsewa tana sa man gas ya silale ya gauraya da man juye ya tsinka shi, inji ya riƙa cin kansa a ɓoye.

Idan an makara har mota ta rage gudu, ƙwararren bakanike mai na'ura yana iya tilasta mata ƙuna a tsaye, bayan ya gano musabbabi ya gyara, sannan a yi juye. Idan kuwa toka ce ta taru, abin da kan faru bayan doguwar tafiya ta fiye da kilomita 100,000, sai a kwance rariyar a wanke ta da injin da aka yi don haka. Yawancin 'yan Tokumbo sun riga sun ci wannan tafiya kafin su hau jirgi, ko da agogonsu ya faɗi wani abu dabam. Masu irin wannan injin wanki ba su da yawa a ƙasar nan, kuma a nan ina ganin akwai kasuwa ga mai jari da ya iya hangen nesa.

Me fasawa ke jawowa? Idan an farfashe rariya aka bar kwamfuta yadda take, za ta ci gaba da neman abin da babu, ta kunna fitila ko ta yi ta fesa man ƙuna a banza. Idan kuma aka kira mai kwamfuta ya goge mata wannan sashe, an miƙa ƙwaƙwalwar motar miliyoyin naira ga umurnin da babu wanda ya san inda aka kwafo shi. Ciwon asali kuma yana nan, sai dai yanzu ba mai kai ƙararsa. Ba mu kaɗai ke wannan ba: a 2020 hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa an cire wa a-kori-kura masu shan gas fiye da 550,000 kayan tace hayaƙinsu a cikin shekaru goma. Bambancin shi ne a can laifi ne da ake cin tara a kansa, a Ingila kuma tun 2014 motar da aka cire wa rariya ba ta cin jarrabawar lafiyar mota ta shekara.

Akwai kuma asarar da ba ta shiga littafin ciniki. A watan Yuni na 2012 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin injin gas a rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji, musamman na huhu. Ƙwayoyin baƙin nan sun fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, suna ratsawa har can cikin huhu. Wa ke shaƙarsu? Yaron mota da ke tsaye a baya yana karɓar buhu, da 'yan dako, da mai shayi, da mai motar kansa da ke zaune a rumfa yana lissafi. Mutanen Fatakwal da suka wayi gari da baƙin toka a kan tufafinsu da hancin 'ya'yansu tun daga ƙarshen 2016 ba sa bukatar a yi musu dogon bayani.

Hukuma ma tana da nata. Tun 2011 hukumar NESREA take da ƙa'idojin hayaƙin motocin fetur da na gas, amma ƙa'ida a takarda ba ta tace hayaƙi. Ba daidai ba ne a matsa wa mai mota ya riƙe rariyarsa alhali ba shi da hanyar sanin abin da aka zuba masa a tanki. Kamata ya yi NMDPRA ta riƙa ɗibar samfuri daga gidajen mai tana buga sakamakon gwajin sulfa da sunan kowane gida, makarantun koyon sana'a da ƙungiyoyin makanikai kuma su sa aikin na'urar bincike a cikin abin da yaro zai iya kafin a yaye shi.

Wanda bai riga ya saya ba shi ya fi kowa dama. Ya fara duban aikin da motar za ta yi: idan zirga-zirgar cikin gari ce zalla, ta fetur ta fi masa kwanciyar hankali, idan kuwa mai dogon zango ce, Ikko zuwa Kano ko Anacha zuwa Abuja, injin gas da rariyarsa za su zauna lafiya. Kafin ya biya, ya sa yatsa a bakin salansa. Idan ya fito fes, rariyar tana nan tana aiki. Idan ya fito baƙi ƙirin, ko ta tsage ko an riga an yashe ta, sai a rage kuɗi. Ya duba jikin tukunyar ko akwai sawun sabuwar walda, ya kuma sa a jona na'ura a gabansa.

Abokina kuwa, wata uku bayan waldar, motar ta fara turnuƙe layin 'yan albasa da baƙin hayaƙi har maƙwabtansa suka kai kuka wajen shugabannin kasuwa. Da aka kai ta wajen mai na'ura, sai aka tarar nozul biyu ne suka gaji, tamostat kuma babu shi tun tuni. Ya biya kuɗin nozul ɗin da tun farko su ne ciwon, yanzu kuma yana cigiyar tsohuwar rariya a Ladipo.